Na sayi waya mai kyau amma hotunana ba su canja ba, ta ina zan fara?

Telan Fagge:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka.

Ni tela ne a Fagge, ɗinkin maza nake yi, kaftani da 'yar shara, da babbar riga idan an kawo. Kusan shekara biyu ke nan duk kayan da na gama sai na ɗauke shi hoto na ɗora a sitatus, don ta nan yawancin sababbin masu kawo ɗinki suke samuna. A hankali abin ya zame mini sha'awa, har ta kai ranar Juma'a da safe, da yake ba na buɗe shago, nakan shiga cikin birni ina 'yan ɗauke-ɗauke.

Watan jiya na kwashi adashe na sayi waya mai ido uku a baya, an rubuta mata megafiksel 50, wato ma'aunin yadda hoto yake fita tar. Hoto yana fita tar, wannan babu musu, har zaren aikin wuya kana iya ƙirgawa. Amma kyau bai ƙaru ba ko kaɗan.

Juma'ar da ta wuce na je marinar Ƙofar Mata da hantsi. Wurin ya cika mini ido. Rijiyoyin baba a jere, wasu a rufe, wasu na kumfa, ga wani dattijo zaune a bakin tasa yana tsoma yadi yana ɗagowa, hannunsa ya rine har ya wuce wuyan hannu. Na ɗauki hoto 140 da 'yan kai. Da na dawo gida na zauna ina dubawa, babu ko ɗaya da ya nuna abin da idona ya gani. Dattijon ya koma ɗan mitsitsi a tsakiya, a bayansa ga babur, ga bokitin roba, ga rabin jikin wani yaro. Wanda na ɗauka a kan Dala ma haka: kwanon rufi birjik, sama fari fat ta cinye rabin hoton, kuma duk garin ya karkata gefe guda. Abin ya dame ni ƙwarai, domin ina son wuraren nan, ina son in nuna su yadda suke.

Wani abokina ya ce tsarin hoto ne ban iya ba, wato yadda ake jera abin da zai shiga ciki. Na kunna layukan nan da suke raba allo gida tara, amma ban san abin da zan yi da su ba. Abin da nake roƙo shi ne a faɗa mini atisayen da zan riƙa yi kullum. Rabin awa nake da ita a rana, sai safiyar Juma'a. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Mai Hoto, Sabon Garin Zariya:

Wa alaikumus salam ɗana. Tambayarka ta faranta mini rai, don mutane da yawa idan hoto bai yi ba sai su sake waya.

Zan fara da 140 ɗin nan, domin a nan cutar take. Na fara riƙe kyamara zamanin Shagari, lokacin fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, kuma kowane ɗaya kuɗi ne. Sai ka kai an wanke kafin ka san abin da ka yi. Wannan tsadar ita ta koya mana duba kafin danna. Kai yanzu dannawa kyauta ce, shi ya sa kake danna wa tukuna sannan ka duba. To ka mai da kanka zamaninmu. Ranar Juma'a ka yanke wa kanka 36, idan sun cika ka sa waya a aljihu ko da sarki ne ya zo wucewa. A ranakun aiki kuwa 12 sun isa.

Kafin ka ɗaga wayar, ka faɗa wa kanka da baki hoton mene ne za ka ɗauka. Kalma biyu ko uku. A Ƙofar Mata me ya tsayar da kai? Da bakinka ka faɗa: hannun dattijo da ya rine. To hoton hannu ne. Amma da ka zo ɗauka sai ka so ka haɗa da rijiyoyi, da katanga, da jama'a, don kada a rasa komai. Taura biyu ba ta taunuwa. Idan jerin rijiyoyin ma ya burge ka, wannan wani hoton ne daban, ka ba shi nasa.

Ka san dalilin da babur da bokiti suka fito alhali ba ka gan su ba? Idon mutum yana da zaɓi. Inda zuciyarka ta tafi nan yake kallo, saura ya watsar. Kyamara ba ta da wannan, duk abin da ke gabanta ɗaya ne a wurinta. Saboda haka aikin watsarwar ya dawo kanka. Ga abin da maigidana ya sa ni yi har ya zame mini jiki: idan ka saita, kada ka kalli mutumin. Ka kai idonka kusurwar sama ta hagu, ta dama, ka sauko ta ƙasa biyun, sannan ka duba bayan kansa. Daga nan ka dawo fuskarsa ka danna. Da farko zai ɗauke ka lokaci, daga baya ƙiftawar ido ce. Na taɓa ɗaukar wani ango da abokansa a ƙofar gida, babbar riga ta sha aiki, kowa ya yi kyau. Da aka wanke sai ga falwaya ta tsiro daga tsakiyar hularsa, da wayoyinta. Biki ya wuce, ba a maimaitawa. Kunyar da na ji ranar da na kai hoton nan har yau ina tuna ta, kuma taku ɗaya zuwa hagu da ya raba ni da ita.

Wannan ya kawo ni kan ƙafa. Yawancin mutane a tsaye suke ɗauka, waya daidai ƙirji, daga inda suka fara ganin abin. Kai ka zagaya shi. Dattijon nan a zaune yake, kai kana tsaye, dole ƙasa da tarkacenta su cika bayansa. Da ka tsuguna daidai kafaɗarsa, da katanga ce za ta zama bayansa. Da ka matsa ka leƙo ta samansa, da ruwan baban ne kaɗai zai zama shimfiɗar hoton, hannu da yadi a kai, babu babur babu bokiti. Kuma ka daina jawo abu da yatsu biyu a kan allo. A yawancin wayoyi wannan yanko tsakiyar hoton kawai yake yi ya buɗa shi, sai ya fita dishi-dishi. Ka taka ka je. Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai: babban idon waya mai faɗi ne, idan ka kusanta shi da fuskar mutum hanci zai kumbura, kunnuwa su ja baya. In fuska kake so, ka ja baya taku biyu ka danna 2x, alamar da ke kan allo mai kusanto da abu ninki biyu.

Layukan da ka kunna kuwa, amfaninsu na farko shi ne su hana hoto karkata. A kan Dala ka daidaita inda sama ta haɗu da gari da ɗaya daga cikin layuka biyun da suke kwance. Wanne? Ka tambayi kanka wa ya fi kyau ranar, sama ko gari. Idan sama fari ce babu komai, ka ɗora mahaɗar a layin sama, gari ya ci kashi biyu. Idan damina ce hadari ya haɗo ta gabas, ka saukar da ita layin ƙasa ka bar wa hadarin fili. Sannan hoton gari daga kan dutse yana bukatar wani abu a kusa da kai, ko gefen dutsen, ko yaro zaune ya ba ka baya, don ido ya samu inda zai taka kafin ya tafi nesa. Ka nemi abu guda a can da zai tsaya a kai, kamar hasumiyoyin babban masallaci ko Goron Dutse, ka ajiye shi inda layi biyu suka gitta. In mutum ne, idonsa a layin sama, kuma ka bar fili a gefen da yake kallo. Doki ma haka, a hawan sallah: filin yana gabansa, inda zai sa ƙafa.

Atisayen rabin awa: kada ka je ko'ina. Ka ɗauki abu guda a shagonka, ko almakashi ko kan keken ɗinki, ka yi masa hoto 12 da babu biyu masu kama da juna. Shidan farko za su zo da sauƙi. Daga na bakwai za ka fara tsugunawa, ka hau benci, ka juya shi wajen ƙofa. A nan koyon yake farawa. Gobe ka sake wani abin. Da daddare ka zaɓi guda ɗaya tak, ka faɗa wa kanka dalilin da ya fi sauran.

Akwai wani mai hoto a Bamako, Seydou Keïta, ya buɗe wurinsa a 1948. A tsakar gida yake ɗaukar mutane da hasken rana, ya rataya zane a bayansu, kuma yawanci sau ɗaya yake danna wa kowane mutum saboda tsadar kaya. Yau hotunansa suna rataye a manyan gidajen tarihi na duniya. Ka nemo su a intanet, ka dubi yadda yake ajiye hannun mutum da yadda zanen baya yake hira da tufafin. Kai da kake tela za ka ga abin da ni ban gani ba.

Mai Lalle daga Katsina:

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara lafiya. Ni ta wajen kayan ɗinkin zan ɗan sa baki, Malam, don ni ma da hoto nake tallar aikina.

Da can a kan gado nake ɗaukar hannun amare, zanen gado mai furanni, lallen ma furanni, sai duk su cakuɗe ba a gane aikin. Yanzu yadi biyu na ajiye, fari da ruwan toka, babu zane ko ɗigo. Kai ma ka samu bango guda a shagon ka raba shi da kalanda da ragowar yadi. Ka kashe ƙwan lantarki da filasha, ka tsayar da kayan kusa da ƙofa yadda haske zai zo ta gefe. Hasken gefe shi ke fito da tudun zare da ƙyallin shadda. Idan ya zo ta gaba sai aikin ya kwanta. Kuma kowace riga ka yi mata uku: cikakkiya, sai rabi daga ƙirji, sai ka matsa sosai kan aikin wuya ko bakin hannu.

In mai kayan ne ya saka, farar shadda takan ruɗi waya ta duhunta fuska. Ka taɓa fuskar a kan allo kafin ka ɗauka, in shaddar ta yi haske da yawa ka ɗan ja 'yar alamar rana da take fitowa a kan allon ƙasa. Kada ka yanke mutum daidai gaɓa, wato gwiwa ko wuyan hannu ko idon sawu, yana sa hoto ya yi wani iri. Ka yanke tsakanin gaɓoɓi. Saitin tsawo da faɗin hoto ma ka bar shi a 4:3, a yawancin wayoyi shi ne cikakken abin da kyamarar take gani, daga baya ka datse yadda kake so. Sannan ka riƙa goge idon kyamarar da gefen riga, maiƙon hannu kaɗai yana sa hoto hazo.

Wanda ya buɗe mini ido shi ne J.D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Najeriya da ya fara ɗaukar hotunan kitson mata a 1968, ya tara kusan dubu. Baƙi da fari ne, bayansu wayam, da yawa ma ta ƙeya ya ɗauka, ko fuska babu. Kitson ne kawai, kuma ba ka gajiya da kallo.

Abu na ƙarshe, don Allah a riƙa neman izini, musamman mata da yara. Ni ko hannu ne ba na ɗorawa sai mai shi ta yarda.

Badamagare:

Gaisuwa ga kowa. Baba, a gafarce ni, ina da ɗan ja a kan layukan nan, ko da yake ban kai ɗalibinku ba.

Na yi wajen shekara ina bin su sau da ƙafa, komi na gani sai na tura shi gefe, har hotunana suka koma kamar ƴan gida ɗaya. Ranar da na je Agadas na tsaya gaban hasumiyar babban masallaci, ginin ƙasa mai tsawon mita 27 da itatuwa suka fito a jikinsa ta ko'ina, na ajiye ta a layin dama kamar yadda na saba. Hoton bai zauna ba. Na maido ta tsakiya cif, na tsuguna, sai ga ta ta miƙe da kwarjininta. Haka ƙofofin unguwar Birni a nan Damagaram, masu zane a goshi da zankwaye a sama. Magini ya riga ya daidaita dama da hagu, in ka tura ƙofar gefe ka ɓata masa aiki. Abin da aka gina a daidaice, ka tsaya saitinsa ka sa shi tsakiya. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, wani lokaci shi za ka bi ka bar layi.

Abin da ya fi taimakona shi ne jira. Maimakon in bi mutane da salula, sai in nemi wuri mai kyau tukuna, wanda ba kowa a ciki. Misali lungu mai katanga biyu da suke jan ido zuwa ciki, ko in shiga cikin zaure in sa bakin ƙofar ya kewaye hoton da duhu, waje kuma da haske. In gyara komi, in riƙe, in jira. Cikin minti goma wani zai shigo, mai kura ko tsoho da sanda ko yarinya da tallar goro. In ya iso inda na tanadar masa sai in danna. Kano cike take da irin waɗannan lungunan, ɗan'uwa, daga Kurmi zuwa Dala ba za ka rasa ba.

Lokaci ma yana cikin tsari, domin inuwa ita ma abu ce a cikin hoto. Da rana tsaka inuwa tana taruwa ƙarƙashin ido da haɓa, katanga kuma ta yi fayau. Da sassafe ko da marece rana tana kwance, kowane zane na jikin bango yana fitowa. Kuma kada ka ƙi hazon hunturu. Daga kan dutse yakan raba gari hawa-hawa, na kusa da duhu, na nesa yana dushewa.

Tsohon Mai Hoto, Sabon Garin Zariya:

Babu laifi ko kaɗan, ɗana na Damagaram, gaskiya ka faɗa. Ni ma hoton sarki ko na malami a kan buzu ban taɓa tura shi gefe ba. Na ba shi layukan ne don a yanzu komai tsakiya yake jefawa ba da niyya ba. In ya yi wata guda yana kaucewa, ranar da ya dawo tsakiya zai san dalili.

Telan Fagge:

Salamu alaikum. Na dawo da bayani bayan kwana tara, kuma na gode muku duka, Allah ya bar zumunci.

Baba, na yi na almakashi. Kamar yadda kuka ce, a na bakwai na tsaya cak. Sai na buɗe bakinsa na ajiye a bakin ƙofa wajen La'asar sakaliya, inuwarsa ta miƙe a kan siminti ta fi shi tsawo sau uku. Shi na zaɓa a daren. Kwana shida na yi a jere, da keke, da tef, da dutsen guga, da kwandon zare. Hajiya, na cire kalandar, na kafa yadi ruwan toka. Wani kaftani ruwan ƙasa da na ɗora ranar Talata, mutum biyu sun tambaye ni ko sabon injin aiki na saya, alhali shi ne dai na da.

Jiya na koma Ƙofar Mata tun kafin ƙarfe takwas. Wannan karon ban fito da waya ba sai da na gaisa da dattijon, na zauna kusa da shi muka taɓa hira, na gaya masa ni ma da yadi nake ci. Na nemi izini ya ce bismillah. Zaman nan ya nuna mini abin da ban lura da shi ba a zuwan farko: idan ya ɗago yadin daga rijiya da ɗan kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska sannan ya juye shuɗi a kan idonka. Na ce to hoton ke nan, hannu da yadi lokacin da launin yake juyawa. Na tsaya ta samansa yadda ruwan baba ya cika bayan, na duba kusurwa huɗu, na ga bakin takalmina a ta ƙasa, na ja ƙafa. Na jira ya ɗago sau biyar kafin na danna.

Hoto 31 na ɗauka gaba ɗaya, ban ma cika 36 ɗin ba. Uku sun yi mini. A ɗaya na yanke masa 'yan yatsu biyu, ya ba ni haushi don shi ya fi kyawun launi. Na gwada jiran lungu ma a hanyar dawowa, na tsaya wajen minti ashirin, amma da mai kura ya shigo sai na yi gaggawa na danna tun bai iso hasken ba.

Tambayata yanzu: cikin biyun da suka rage na kasa zaɓa. Ɗaya hannun ne kawai da yadin. Ɗayan kuma fuskarsa ta shigo ta kusurwar sama, yana kallon aikin. Yaya ake yanke irin wannan hukunci?

Tsohon Mai Hoto, Sabon Garin Zariya:

Madalla, ɗana. Takalmin nan da ka gani kafin ka danna ya fi mini hotunan uku daɗi.

Ka kai biyun a wanke maka su a kati, kada ka yi hukunci a kan allo. Ka jingina su a bango, ka juya su kai a ƙasa, ka ja baya taku biyar. In hoto ya kifa, ido yakan daina ganin mutum da yadi, sai haske da duhu kawai. Ka lura inda idonka ya fara sauka a kowanne. Idan a na biyun fuskar tana fizge ido daga hannun ta kai shi bakin kati, na farko ya ci. Idan kuwa kallon nasa yana maido ka kan yadin, ka riƙe na biyu.

Ka wanke kati ɗaya na daban ka kai wa dattijon ranar Juma'a. In ka je, ka tsaya can ƙarshen jerin rijiyoyin ka tsuguna, ka ɗauko mini su suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana zaune a ta uku ko ta huɗu. Lungun mai kura ma ka koma, a daidai lokacin da ka je jiya, don hasken zai dawo wurin.